'Yan Ci-rani Masu Fiffike: Tarihin Baƙin Tsuntsaye a Gonakin Arewacin Kano

Gabatarwa

Duk lokacin da aka zauna zancen tarihin ƙasarmu ta arewacin Kano, wato daga Ungogo da Minjibir har zuwa Dambatta da Makoɗa da Kunci da Bici, abin da ake fara kawowa shi ne sarauta da yaƙe-yaƙe da kasuwanni, sai kuma ayarin fatake da ke ratsa ƙasar da raƙuma zuwa Damagaram da Azbin da Tarabulus. Fataucin Tarabulus ya mutu tun farkon ƙarni na 20, musamman bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Amma akwai wani ayari da ya girmi na raƙuma nesa ba kusa ba, wanda har yau bai fasa ƙetare Sahara ba. Wannan ayari shi ne na tsuntsaye. Kowace kaka sukan taso daga Turai da yammacin Asiya, su ratsa hamada, su sauka a gonakinmu da fadamunmu su ci rani, in bazara ta yi su koma.

Manufar wannan rubutu ita ce a bayyana wa 'yan uwa mazauna birane yadda aka yi duniya ta gano wannan al'amari, da rawar da ƙasar Kano ta taka wajen gano shi, da yadda mutum zai iya shaida waɗannan baƙi idan ya zo gida. Akwai kuma dalili mai nauyi: masaukin baƙin yana hannunmu, kuma da gatarinmu muke rushe shi.

Abin da Magabata Suka Sani

Tun kafin zuwan boko manomin ƙasar Hausa ya san cewa wasu tsuntsaye matafiya ne. Babbar shaidarsa ita ce shamuwa. Da zarar an gan ta a ƙarshen bazara tana ɗaukar kirare zuwa kan tsamiya ko kukar tsakiyar gari, sai magidanci ya fara gyaran gona, ya fito da iri, don ya san ruwa ya kusa. Ba a jifan ta, ba a cin ta, yaron da ya taɓa sheƙarta kuwa ya gamu da faɗan dattawa. Wannan ladabi yana da amfani a fili, domin abincin shamuwa fara ce da tsutsotsin da ke ɓarnar amfanin gona.

Abin da magabata ba su da hanyar sani shi ne inda take zuwa bayan ɗaukewar ruwa. Yanzu an tabbatar cewa shamuwa ba ta ƙetare Sahara. Damina take bi: idan ta bar mu sai ta nufi gabashi da kudancin Afirka, ƙasashe irin su Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe, inda ruwa ke sauka lokacin da muke cikin hunturu. A farkon shekarun 2000 wasu masana daga Denmak sun ɗaura wa shamuwoyi na'urar da tauraron ɗan'adam ke bin sawunta a kudancin Nijar, suka ga hanyar da idonsu.

Ke nan baƙin namu iri biyu ne. Akwai na damina, 'yan cikin Afirka, waɗanda shamuwa ce shugabarsu. Akwai kuma na rani, masu ƙetaro hamada daga arewa. Na biyun yawancinsu ƙanana ne, launinsu ba ya ɗaukar ido, ba sa sheƙa a wurinmu, kuma ba su cika kuka ba. Shi ya sa da yawansu ba su samu suna na kansu a bakin jama'a ba, sai dai a ce “ɗan tsuntsu” a wuce.

Yadda Turawa Suka Gano Hanyar

Su ma Turawa sun daɗe cikin duhu. Suna ganin tsuntsayensu sun ɓace da shigowar sanyi, amma ba su san inda suka nufa ba. Har cikin ƙarni na 18 akwai malamansu da ke cewa tsattsewa cikin taɓon ƙarƙashin tafki take shiga ta yi barci sai zafi ya dawo.

A watan Mayu na 1822 aka harbo wata farar shamuwa irin ta Turai kusa da garin Klütz a arewacin Jamus. Da aka duba sai ga wani siririn mashi ya huda wuyanta, ya zauna a ciki, kuma itacen da aka yi shi da shi na Afirka ne. Wato wani maharbi a nahiyarmu ya jefe ta bai kashe ta ba, ta tashi da mashin ta yi tafiyar dubban kilomitoci. Har yanzu gawarta tana ajiye a Jami'ar Rostock.

Wanda ya samar da dabarar da ta warware matsalar malamin makaranta ne, abin da ya kamata mu malamai mu yi alfahari da shi. Sunansa Hans Christian Mortensen, mutumin garin Viborg a Denmak. A 1899 ya fara sanya wa tsuntsaye ɗan zoben gorar ruwa a ƙafa, mai ɗauke da lamba da adireshi, ya sake su. Duk wanda ya tsinci tsuntsun a wata ƙasa sai ya aiko da labari. Da haka aka riƙa haɗa taswirar hanyoyin kaɗan-kaɗan. A 1972 aka buga littafin wani masani ɗan Ingila, Reginald Moreau, inda ya ƙiyasta cewa tsuntsaye kimanin miliyan 5,000 ne ke shigowa Afirka kowace kaka. Wani lissafi da aka yi a 2009 ya rage adadin ƙananan tsuntsayen da ke tasowa daga Turai zuwa kimanin miliyan 2,100. Ko wanne aka ɗauka, ba a taɓa yin ayari mai girman wannan ba.

Daga Fanisau Zuwa Malamfatori

Ƙasar Kano tana cikin wannan tarihi tun da wuri. A 1885 zuwa 1886 wani saurayi Bajamushe, Ernst Hartert, ya zagaya ƙasar Hausa tare da Paul Staudinger, suka je Zariya da Kano da Sakkwato, yana tattara tsuntsaye. Daga baya shi ne ya zama mai kula da babban gidan adana tsuntsaye na Lord Rothschild a garin Tring na Ingila.

Wannan gida ne ya turo Kyaftin Angus Buchanan, mutumin Sikotlan, a ƙarshen 1919. Kafin ya kama hanyar arewa sai da ya yada zango a Fanisau, nan ƙasar Ungogo, ya fara tattara tsuntsaye da ƙananan dabbobi a gonakin da ke kewaye. Daga nan ya bi hanyar fatake zuwa Damagaram da Agadas har duwatsun Azbin. Hartert ne ya tantance tsuntsayen da ya kai, ya buga bayaninsu a 1921. Buchanan ya sake dawowa a 1922, ya tashi daga Kano a kan raƙumi ya ƙetare Sahara gaba ɗaya, ya ɓulla Aljeriya a 1923. Saboda haka sunan Fanisau yana rubuce a jikin takardun da ke rataye a ƙafafun busassun tsuntsaye a gidajen adana kayan tarihi na ƙasashen waje, ko da yake mutanen garin ƙalilan ne suka san haka.

Zamanin harbi da busarwa ya wuce, na raga da zobe ya shigo. Wani Bature da ya daɗe yana aiki a Kano, Robert Sharland, ya yi shekaru yana kafa raga a bakin kududdufai da lambuna yana sanya wa baƙin tsuntsaye zobe. An tsinci wasu daga cikin waɗanda aka sanya wa zobe a Kano da Vom a ƙasashen Turai, haka kuma an kama masu zoben Turai a Nijeriya. A 1964 shi da John Elgood na Jami'ar Ibadan da Hilary Fry na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suna cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Nijeriya. A 1981 Sharland da Roger Wilkinson na Jami'ar Bayero suka buga jerin tsuntsayen Jihar Kano a mujallar Malimbus, lokacin Jigawa tana cikin Kano.

Saura tambaya guda: ta yaya tsuntsun da nauyinsa bai wuce giram 15 ba zai ƙetare hamada mai faɗin kilomita 1,500 zuwa 2,000, ba ruwa ba abinci? An samu amsa mai gamsarwa a bazarar 1967, lokacin da Fry da abokan aikinsa John Ash da James Ferguson-Lees suka zauna a Malamfatori, bakin Tafkin Cadi, suna kama tsuntsaye suna aunawa. Sun ga cewa kafin tashi tsuntsun yakan duƙufa ga cin ƙwari da 'ya'yan itace, irin na itacen asuwaki, har ya tara kitse mai yawa, wasu su kusa ninka nauyinsu. Kitsen nan shi ne guzurinsa, shi ne kuma salkar ruwansa. Wanda bai samu abin da zai ci ya ƙoshi a bakin hamada ba, a cikinta zai faɗi.

Farin da Aka Ji Raɗaɗinsa a Ingila

Mu da muke yara a farkon shekarun 1970 ba za mu manta da farin 1973 ba, yadda rijiyoyi suka ƙafe, shanu suka yi ta mutuwa, mutanen arewa suka yi ta kwararowa neman abinci. Abin da ba mu sani ba shi ne, tsuntsaye sun riga mu shelar wannan masifa a wata nahiya.

Akwai wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da jajayen fukafukai, wanda Ingilishi ke kira whitethroat. A Ingila yake ƙyanƙyasa, a ƙasashen bakin Sahara yake cin rani. Masu ƙidayar tsuntsaye a can sun wayi gari a bazarar 1969 sun tarar fiye da kashi biyu cikin uku na waɗanda suka tafi ba su dawo ba. Aka yi ta neman dalili a gonakin Ingila ba a samu ba. Sai a 1974 wasu masana uku, Winstanley da Spencer da Williamson, suka nuna cewa ƙarancin ruwan sama a yammacin Afirka ta bakin hamada, wanda ya tsananta daga 1968, shi ne sanadi. Ciyayi sun bushe, ƙwari sun yi ƙaranci, tsuntsayen ba su samu guzurin komawa ba. Da farin 1984 ya zo, irin wannan asara ta sake faɗa wa wasu jinsunan.

Daga wannan lokaci ne masana suka fahimci cewa makomar tsuntsun da Bature ke saurare a bayan gidansa tana rataye ne da halin da gonar Bahaushe ke ciki.

Gawo, Zangon Baƙi

A nan ne tarihin noman ƙasarmu ya haɗu da na tsuntsayen. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Jami'ar Bayero, ya yi shekaru tun daga farkon shekarun 1960 yana nazarin karkarar da ke kewaye da birnin Kano. Ya nuna cewa duk da yawan jama'a da noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ƙasar ba ta zama fako ba, saboda manoma suna kai taki, suna kiwo, kuma suna barin itatuwa a tsakiyar gonaki: ɗorawa da kuka da tsamiya da kanya da kurna da aduwa da gawo. Kowane itace da mai shi, ana sassabe reshe, ba a kayar da uwa.

Gawo ya bambanta da sauran. Da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Da kaka sai ya yi sabon ganye ya yi fure, ya zauna kore shar duk tsawon rani, 'ya'yansa su zama abincin awaki da tumaki. Lokacin da yake fure yana tara ƙwari shi ne daidai lokacin da baƙin ke saukowa daga hamada a gajiye.

Wasu masana 'yan ƙasar Holan, ƙarƙashin Leo Zwarts, sun yi shekaru suna ƙirga tsuntsaye itace bayan itace a ƙasashen bakin Sahara, suka buga sakamakon a 2015. Sun gano cewa baƙin suna da zaɓe ƙwarai. Yawancin jinsunan itatuwa ba sa sauka a kansu ko kaɗan. Inda suke taruwa shi ne kan masu ƙaya, wato gawo da danginsa da aduwa. Dalili kuwa, itace mai ƙaya da ƙayarsa yake kare kansa daga dabbobi, ganyensa ba shi da ɗaci sosai, sai ƙwari su yi yawa a kansa. Darbejiya da turare kuwa da ɗaci da ƙamshi suke kare kansu, ƙwari ba sa son su, tsuntsaye ma ba su da abin yi a kansu.

Wannan ba suka ba ce ga darbejiya. Tun da aka shigo da ita Barno a 1928 ta ba garuruwanmu inuwa, shingayen turare da aka dasa a Yambawa ta ƙasar Dambatta kuma sun kare gonaki daga iska. Amma wanda ya sare gawo ya dasa darbejiya ya rushe rumbu ne ya kafa rumfa.

Fadama da Madatsun Ruwa

Kashi na biyu na baƙin na ruwa ne: agwagin daji da masu dogayen ƙafafu. Babban masaukinsu a arewacin Nijeriya shi ne fadamar Haɗeja da Nguru, wadda kogunan Kano ke shayarwa. Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya ziyarci Dagona a 1989 saboda su. A 2000 aka sanya Tafkin Nguru cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya, Baturiya ta Jigawa ta biyo baya a 2008.

Madatsun ruwan da aka fara ginawa zamanin Gwamna Audu Bako sun sauya lamarin ta fuska biyu. Tiga, wadda aka gama a 1974, da Challawa a 1992, sun rage ambaliyar da ke cika fadamar Haɗeja, kacalla kuma ta mamaye hanyoyin ruwa. A ɗaya ɓangaren, ƙananan madatsu irin su Tomas da Jakara da Gari da Watari sun samar da ruwa mai kwana a wuraren da da babu, har tsuntsayen ruwa suka samu wurin sauka a ƙofar gidanmu.

Yadda Za a Shaida Su

Wanda ya zo gida tsakanin Oktoba da Maris, ya fita gona da sassafe, ya lura da abu huɗu: girman tsuntsun, siffar bakinsa, inda yake tsayawa, da yadda yake motsi.

A bayan garken shanu ko a lambu za a ga wani siriri mai rawayan ciki, yana tafiya yana kaɗa doguwar jela sama da ƙasa. A duba kan namijin wajen watan Maris: mai shuɗi-shuɗin kai da farar gira daga tsakiyar Turai yake, mai baƙin kai wuluk kuwa daga wajen Girka da Turkiyya. A gonar da aka girbe akwai wani mai tsayuwa ƙyam a kan kunya ko tushen kara, in ya tashi sai a ga fari fat a gindin jelarsa; wasu daga irinsa daga Girinlan da Kanada suke zuwa yammacin Afirka. A ƙolin ƙaya akwai mai jan ƙeya da baƙin zane a ido kamar ya sha kwalli, bakinsa da 'yar ƙugiya, yana jiran fara. A cikin gawo kuwa sai an yi haƙuri, don ƙanana ne masu yawan tsalle; a nemi mai tokar baya da jan ƙirji da farin layi kamar gashin baki. A bakin dam a nemi ƙaramar agwagwa wadda namijinta ke da farin zane daga ido zuwa ƙeya. Ta fi kirinjijiya ƙanƙanta. Alhudahuda ma, wasu 'yan gida ne, wasu baƙi.

Biyu daga cikin baƙin sun zama abin nema. Ta farko kurciyar Turai ce, mai zanen baƙi da fari a gefen wuya da fukafukai ja masu kama da ɓawon kifi. A Ingila ta ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 tun daga 1970, kuma a 2015 aka sanya ta cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa. Ta biyu farar ungulu ce mai rawayar fuska da baƙin bakin fiffike. Wata da aka ƙyanƙyashe a Girka a 2013, aka ɗaura mata na'ura, ta ƙetare teku da hamada lafiya, amma a farkon 2014 maharbi ya kashe ta a kudancin Nijar don a sayar wa masu haɗa magani. Wanda ya tuna yadda ungulu ke cika mahautar garinmu a da, ya duba yau, ya san inda wannan ciniki ya kai mu.

Kammalawa

'Yan uwa, yawancin gonakin gado yanzu shawararsu tana hannun waɗanda ke Kano da Kaduna da Abuja da Legas. Mu ne ke sayar da itatuwan gona ga masu gawayi idan buƙata ta taso, mu ne ke sa a tumɓuke su don tarakta ta wuce, kuma gidajenmu na birni ne ke ƙona gawayin. Gawon da aka kayar cikin yini guda ya yi shekaru da dama kafin ya kai haka.

Maƙwabtanmu sun nuna cewa gyara yana yiwuwa. A Damagaram har yau ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarki Tanimu ya ɗora wa mai sare gawo a ƙarni na 19. A ƙasar Maraɗi kuma, daga tsakiyar shekarun 1980, manoma suka koma barin tohon da ke fitowa daga kututture suna yi masa gyara maimakon ƙonewa. An ƙiyasta cewa itatuwa sun dawo a kan hekta kimanin miliyan 5 a kudancin Nijar, ba tare da an sayi dashe ba.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Mai gona ya gaya wa mai yi masa aiki ya bar tohon gawo da aduwa inda ya gan shi. In za a raba dashe a makarantu da maƙabartu, a haɗa da itatuwanmu na gado. A zauna da dattawa da maharba a rubuta sunayen tsuntsaye da Hausa tun masu sanin suna raye. Matasa masu wayar hannu su sani cewa tun 2015 ake aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya ƙarƙashin cibiyar A. P. Leventis da ke Jos, kuma ana karɓar bayani daga duk mai sha'awa. Wanda ya tsinci tsuntsu da zobe a ƙafa ya rubuta lambar da ranar da wurin, ya kai wa malaman nazarin halittu na jami'a mafi kusa.

Duk wanda ya bar garinsu don neman abinci ya san darajar masauki, kuma Hausawa sun ce baƙonka Annabinka. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu bar wa 'ya'yanmu gonaki da itatuwansu a tsaye.